Turaku Biyu Domin Haƙoran Roba Su Zauna Daram



Sana'armu sana'ar baki ce. Manomi kan wuni a gona bai furta kalma goma ba, mu kuwa da zarar an kaɗa ƙararrawa, harshe da leɓe da haƙora su ne kayan aikinmu har a tashi. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 ta aiki. A duk inda aka fara aiki da ita, da yawa daga cikinmu za su ci gaba da tsayuwa gaban allo a shekarun da haƙora kan fara sallama. Wannan ya sa muka zaɓi yin magana a kan abin da ake jin nauyin faɗa ko a ɗakin malamai, wato haƙoran roba masu rawa a baki.

Mun san alamun. Malamin da aka san shi da murya ya koma magana ƙasa-ƙasa, yana kare baki da littafi. A wajen walima ya ture tsire ya ce ya ƙoshi. A aji ɗaya kuwa, inda ake koya wa yara bambancin "sa" da "tsa" da "za", malama tana furta sautin, haƙoran suna zamewa, yara suna dariya. Irin wannan mutum yakan zargi kansa, ko ya zargi wanda ya ƙera masa haƙoran. Sau da yawa babu mai laifi a cikinsu.

Abin da ke faruwa a ƙashi yake. Ƙashin muƙamuƙi yana riƙe kaurinsa ne saboda aikin da saiwar haƙori ke ba shi a duk tauna. Idan aka cire haƙori, ƙashin ya rasa aiki sai ya fara zaizayewa, da sauri a shekarar farko, sannan a hankali har ƙarshen rai. Haƙoran roba da suka zauna cif a bara, bayan 'yan shekaru sai su zama kamar takalmin aro. Na sama suna da sauƙi, domin suna manne wa ganɗa mai faɗi. Na ƙasa ne matsala: ƙashinsu ya fi saurin lalacewa, wurin zamansu siriri ne, ga harshe yana tunkuɗar su daga ciki, kumatu daga waje. Tsakanin harshe da haƙori na asali ma ana saɓawa, balle na roba.

Matakin farko mai sauƙi ne, kuma kada a raina shi. Likitan haƙori na iya ƙara wa haƙoran shafi daga ciki su sake dacewa da dasashi, ko ya ƙera sababbi. Wasu wannan ya wadatar da su. Amma idan ƙashi ya riga ya shafe, babu shafi ko man liƙi da zai riƙe su na dogon lokaci. A nan ne maganar dashe ke shigowa.

Asalin wannan ilimi daga ƙasar Suwidin yake. A 1952 wani mai bincike, Per-Ingvar Branemark, yana nazarin gudanar jini a ƙashin zomo, ya sa wata 'yar na'ura ta ƙarfen titaniyam a ƙashin. Da ya zo cire ta sai ta ƙi fita, ƙashi ya rungume ƙarfen kamar nasa. A 1965 ya dasa irin wannan ƙarfe a muƙamuƙin wani mutum mai suna Gosta Larsson, wanda ya rayu da shi har rasuwarsa a 2006. Shekara 40 ke nan da 'yan kai. A 2002 masana suka taru a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada suka yi matsaya cewa wanda ba shi da haƙori ko ɗaya a ƙasa, abin da ya fi dacewa a fara ba shi shi ne haƙoran roba masu zama a kan dashe biyu.

Biyu kawai, kuma wannan ne abin da muke so a riƙe. Mutane da dama sun ɗauka sai an dasa wa kowane haƙori ƙarfensa, su lissafa kuɗin su haƙura. A'a. Likita yakan yi allurar kashe zafi, ya kafa ƙananan turaku biyu a gaban muƙamuƙin ƙasa, wajen da fiƙoƙi suke a da, inda ƙashi ya fi jurewa. Tsawon kowanne bai wuce santimita ɗaya da ɗan abu ba. Sai a bar su kamar wata uku ƙashi ya kama su. Daga nan a ɗaura wa kowane turke kai, a kuma sa mazauninsa a cikin haƙoran roba, su riƙa shiga juna kamar maɓallin riga mai ƙaras. Mutum ya danna su zauna, ya ja su fita. Wani lokaci ma haƙoran da yake da su ake gyarawa, ba sai an sake sababbi ba. Muƙamuƙin sama kuwa ƙashinsa ya fi taushi, yakan buƙaci turaku huɗu da jira mai tsawo.

Ba kowa ne zai je yau a yi masa gobe ba. Mai ciwon suga sai sugansa ya daidaita, domin rauni ba ya warkewa da kyau idan ya hau. Taba sigari tana ƙara haɗarin ƙashi ya ƙi kama ƙarfen. Wanda aka taɓa gasa masa daji a wuya ko baki, da mai shan wasu magungunan ƙarfafa ƙashi, lallai su faɗa wa likita tun kafin ya tambaya. Tsufa shi kaɗai ba ya hanawa. Dole kuma a ɗauki hoton ƙashi tukuna, domin akwai jijiya da ta ratsa muƙamuƙin ƙasa, wadda idan aka taɓa ta leɓe kan mutu. Duk wanda ya ce zai kafa mana ƙarfe a baki ba tare da hoto ba, mu ɗauki hularmu mu fita. Wannan aikin likitan haƙori ne mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, kuma sashen haƙori na asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, wuri ne da ya dace a fara neman shawara.

Sai batun kuɗi, wanda ba za mu yi masa kwaskwarima ba. Kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin canji, kuma ba kasafai inshorar lafiya ke ɗaukar nauyin dashe ba. Albashin malami na wata ɗaya ba zai yi ba, balle fansho. Amma tun da aikin mataki-mataki ne, da watanni a tsakani, ana iya tsara biyansa. Muna ba wa firij da babur rance daga asusun taimakon juna. Muna roƙon shugabannin reshe su duba ko abin da mutum zai ci abinci da shi, ya kuma koyar da shi, bai cancanci shiga wannan layi ba. Wanda zai je asibiti kuma ya nemi a rubuta masa jimlar kuɗin gaba ɗaya, har da hoto da kawunan turaku da gyaran haƙoran, kada a kafa masa ƙarfe kuɗi su yanke a tsakiya.

Bayan an gama, ɗawainiya ba ta ƙare ba. Ƙarfe ba ya ruɓewa, amma dasashin da ke kewaye da shi yana kumbura idan datti ya taru, har ƙashi ya janye turken ya yi sako-sako. Za a cire haƙoran kowane dare a wanke su, a goge kewayen turakun da buroshi mai laushi. 'Yan robobin da ke cikin maɓallan suna cinyewa, akan sauya su bayan shekara ɗaya ko biyu, don haka a sa kuɗinsu da na komawa wurin likita cikin lissafi tun daga farko.