Jawabi: Yadda Mafarautan Amurka Ke Sake Cika Kwanson Harsashi



A Amurka, mafarauci da yawa ba ya yar da kwanson harsashi bayan ya harba. Tsince shi yake yi, ya sake cika shi a gida. Ba don arha kawai ba. Shi dai so yake kowane harsashi ya yi daidai da ɗan'uwansa, domin su faɗa wuri ɗaya.

Kwanson tagulla ne, kuma duk harbi yana ƙara masa tsawo. Saboda haka sai an wanke, an auna, an datse bakin. Wanda ya tsage kuwa, nasa ya ƙare.

Babban aikin yana gindin kwanson, inda ɗan ƙyastun da ke kunna albarushi yake. Irin wanda Amurkawa ke amfani da shi, wani Baturen Ingila ne, Edward Boxer, ya ƙirƙiro shi a 1866. Rami ɗaya ne a tsakiya, shi ya sa cire tsohon ba wuya. Sabon kuwa, sai ya zauna har ƙasan gurbinsa, ya ɗan nutse kamar kaurin gashin kai. In ya tsaya sama, yana iya tashi tun ba a gama rufe bindiga ba. In an matse shi fiye da kima, sai ya ƙi tashi ga nama a gaba.

Mu nan Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta hana yin harsashi a gida. Yaron da ya tsinci harsashi a daji, kada ya ƙwanƙwasa gindinsa. A kai wa mai unguwa ko 'yan sanda.