Tsakuwar Mafitsara a Karnuka: Wane Iri Ne Ya Fi Shiga Haɗari?

Yau maganar karnuka za mu yi. Duk wanda yake zagaya Samaru da Sabon Gari ya san matasa sun shiga kiwon karnukan waje sosai, wani don gadi, wani don sayar da 'yan kwikwiyo. To amma kafin ka zuba kuɗinka, ka taɓa tambayar wace cuta ce ta fi kama irin karen da za ka saya?

Ɗaya daga cikinsu ita ce tsakuwar mafitsara. Gishirin da ke cikin fitsari ne yake taruwa, ya daskare, ya zama tsakuwa. A Jami'ar Minnesota ta Amurka akwai cibiyar da Dakta Carl Osborne ya kafa a 1981, wadda ta binciki tsakuwowi sama da miliyan ɗaya da aka ciro daga jikin dabbobi. Abin da irin wannan bincike ya nuna shi ne, kowane irin kare da tsakuwar da ta fi damunsa.

Ta farko ana kiranta sitirubayit. Ta fi kama karya, wato macen kare, kuma yawanci ƙwayoyin cuta ne a mafitsara suke jawo ta. Wannan ba ruwanta da tsadar kare, ko na gida ne tana kama shi. Daɗin abin, sau da yawa tana narkewa da magani da abinci na musamman.

Ta biyu, kalsiyam okzalet. Ita kuma maza ta fi kamawa, musamman ƙananan karnuka masu gashi irin su Lhasa Apso da Shih Tzu, idan sun fara manyanta. Wannan ba ta narkewa da magani, sai an ciro ta.

Ta uku, yuret. Ita ce matsalar Dalmatian, farin karen nan mai ɗigo-ɗigon baƙi. Gado ne a jininsa, kuma a 2008 masana a Jami'ar California da ke Davis suka gano ƙwayar gadon da ke jawo hakan. Saboda haka in kana da shi, ka daina sayo masa hanta da ƙoda da kayan ciki wajen mahauta a kasuwar Sabon Gari, su ne suke ƙara rura matsalar.

To yaya za ka gane? Kare yana yawan tsugunawa amma fitsarin ɗis-ɗis, ko ka ga jini, ko yana kuka in zai yi. Ku saurara da kyau a nan: namijin kare yana da ƙashi a gabansa, kuma hanyar fitsarinsa siririya ce, don haka tsakuwa takan maƙale a wurin. In fitsari ya tsaya cak, cikin kwana 2 zuwa 3 kare zai iya mutuwa. Kada ka ce bari mu ga gobe. Kada kuma ka je kemis ka sayo masa ibuprofen, ƙodarsa zai lalata.

Mu 'yan Zariya mun ci sa'a, Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru. Ka kai shi a duba fitsarinsa, a yi masa hoto. In an ciro tsakuwar, ka tambayi likita wace iri ce, domin da haka ne za a san abincin da zai hana ta dawowa.

Rigakafin da ya fi sauƙi kuwa ruwa ne. Kun san zafin Maris da Afrilu a nan. Karen da aka ɗaure a rana, kwanonsa a bushe, fitsarinsa kauri yake yi, tsakuwa ta samu wurin zama. A ajiye masa ruwa mai tsabta dare da rana, a jiƙa masa busasshen abinci, a riƙa sakinsa yana fitsari akai-akai, ba a kulle shi a keji yini guda ba.

Wane irin kare kake kiwo, kuma sau nawa kake canza masa ruwa a rana? Ku gaya mana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.