Ciwon Da Ba Ya Fitowa A Awo

Yau maganarmu a kan wani ciwo ce, da yadda ɗaliban likita suke koyon duban mai shi.

Sau da yawa mace takan zo ɗakin magani ta ce duk jikinta ciwo yake, sama da ƙasa, dama da hagu, wata 3 ko fiye. Takan wayi gari kamar ba ta runtsa ba, ga kasala, ga mantuwa. A auna jini, a ɗauki hoto, ba a ga kome ba. Likitoci suna kiran irin wannan ciwo fibromayaljiya. Ya fi kama mata, amma bai ƙyale maza ba. Ba sammu ba ne, ba kuwa raki ba. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne suke ƙara wa zafi ƙarfi, har ɗan matsi ya zama azaba.

To, don me wani likita yakan ɗauki mai wannan ciwo da wasa? Tun daga makaranta abin yake somawa. Ɗalibin likita yakan shekara 6 yana karatu. Na Jami'ar Bayero a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suke koyon aiki. Ko'ina a duniya, akan horar da ɗalibi ya dogara ga abin da awo ya nuna. Halin manyansa kuwa ya fi littafi zama a ransa. In babba ya taɓe baki, ɗalibi ya ɗauka. In babba ya zauna ya saurara, shi ma haka zai tashi.

A ƙasar Norwe, a 2002, aka sa likitoci da ɗalibai masu gama karatu su jera cututtuka 38 bisa ga darajarsu a idon ma'aikatan asibiti. Ciwon zuciya ya hau sama, fibromayaljiya ya zo ƙarshe. Alhali tun 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta tsara hanyar gane shi, ta kuma gyara ta a 2010.

Ga naku aikin. In an tura ku Babban Asibitin Wudil ko Kano, ku faɗi ran da ciwon ya soma, da inda yake kama ku, da yadda barcinku yake, da aikin da ya hana ku. Ku yarda a yi awo, domin a tabbata ba wata cuta ba ce. In kun ga ɗalibi tsaye kusa da likita, kada ku ji kunya. Daga bakinku zai koyi cewa ciwon nan gaskiya ne.

Kada ku sayi tiramol wurin masu talla ranar Juma'a a kasuwa. Abin da ke taimako shi ne motsa jiki sannu-sannu kullum, da kwanciya kan lokaci, da maganin da likita ya rubuta. Kai kuma maigida, in iyalinka ta ce tana ciwo, ka gaskata ta, ka rage mata aiki.

Allah ya ba mu lafiya, amin. Wassalam.