Kwamfuta da zafin bazara a Tumfure

A watannin Maris da Afrilu zafin rana a Gombe kan kai digiri 40, kuma a lokacin ne shagunan kwamfuta na Tumfure, a kan hanyar Bauchi, suke cika da aiki: masu haɗa bidiyon biki, masu zanen fosta, da ɗalibai masu atisayen jarrabawar JAMB.

Furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta ke nan, idan zafinta ya doshi digiri 95 zuwa 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Katin sarrafa hoto ma haka yake yi. Sai mai shago ya ga aiki yana jan ƙafa, ya ɗora wa bairos laifi, alhali ƙurar hunturu ce ta toshe fanka da ramukan iska tun Disamba.

Abin da ya fi damuna shi ne laftof a kan katifa ko darduma. Ta ƙasa take shaƙar iska, ga shi kuma an toshe mata hanci. A ɗora ta kan tebur, a ɗan ɗaga bayanta. A kashe kwamfuta, a zare wayar wuta, a riƙe fanka da yatsa sannan a busa ƙurar. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke zuƙe zafinta yana bushewa bayan 'yan shekaru. Mai gyara ya goge tsohon ya shafa sabo, ɗan kaɗan. Babban aikin bidiyo kuma a bar shi sai dare ko bayan asuba, kuma a nisanta janareta daga ƙofar shago.