Shaƙar Gauraye Daga Baya: Yadda Take Aiki, da Inda Wasa Yake Ƙarewa

 Ga masu ƙarancin data da ba su samu sauraro ba, ga rubutaccen shirin nan kamar yadda muka saba.

Yau kan tabarmar kokawa za mu sauka, amma kokawar da ake kira ta sallamawa, wadda babbar hanyar cinta ita ce abokin karawa ya miƙa wuya da kansa ko alƙali ya tsayar. A cikinta ma abu ɗaya zan ɗauka: shaƙar da ake yi daga baya, musamman wani nau'inta da zan kira shaƙar gauraye. Dalilina kuwa, da yawanmu muna kwana kallon UFC a waya, bidiyon daƙiƙa talatin yana yawo a TikTok, washegari sai ka ga samari a majalisa ko a ɗakin kwanan ɗalibai wani ya maƙale wuyan wani ana dariya. To gara mu san abin da muke kallo.

Mu fara da bambancin. A kokawarmu ta gargajiya, ko a Sakkwato ne ko a gasar takobi ta Nijar, da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, makaɗa su ɗauka. A jujitsun Burazil da danginta kuwa, faɗuwa ƙasa farkon zance ne. Asalin abin daga judo ne, wadda Jigoro Kano ya kafa a Japan a 1882. Wani ɗan judo mai suna Mitsuyo Maeda ya isa Burazil a 1914, iyalan Gracie suka koya, suka mayar da hankali kan faɗan ƙasa. A Nuwamban 1993 aka yi UFC ta farko a birnin Denver na Amurka, Royce Gracie, wanda bai kai yawancin abokan karawarsa jiki ba, ya cinye gasar, kuma a wasan ƙarshe shaƙa daga baya ya yi wa Gerard Gordeau. Sai a 1998 Sheikh Tahnoon bin Zayed ya kafa gasar ADCC a Abu Dhabi, wadda har yau ita ce babbar gasar kokawar sallamawa ta marasa riga.

Me ya sa baya? Saboda haka aka halicci mutum: idonka, hannunka, ƙafarka, duk gaba suke aiki. Wanda ya hau bayanka yana iya kai maka hari, kai kuwa ko ganinsa ba ka yi. Shi ya sa a dokokin hukumar IBJJF hawa baya yake da maki huɗu, babu matsayin da ya fi shi maki. Amma hawan ba tsalle ba ne kawai. Ƙirjinka zai manne da bayansa, ƙafafunka biyu su shiga ta cikin cinyoyinsa kamar ƙugiya, hannu ɗaya ya bi ta kan kafaɗa, ɗaya ta ƙarƙashin hammata, su haɗu a ƙirjinsa. Wannan riƙon ana kamanta shi da bel ɗin kujerar mota, kuma da kun gan shi za ku gane dalili.

Daga nan sai asalin shaƙar. Mutanen judo suna ce mata hadaka jime, wato shaƙar da ba ta buƙatar riga. 'Yan Burazil kuma mata leão, ma'ana kashe zaki. Hannun da ke kan kafaɗa zai zurma ƙarƙashin haɓa har gwiwar hannun ta daidaita da tsakiyar haɓar. Sai ya kama damtsen ɗaya hannun, shi kuma ɗayan ya koma bayan ƙeya. A nan ne mutane da yawa suke kuskuren fahimta. Ana zaton numfashi ake tarewa. A'a, idan an yi ta daidai maƙogwaro yana cikin lungun gwiwar hannu, abin da ake matsewa shi ne manyan jijiyoyin jini guda biyu da ke gefen wuya, masu kai jini ƙwaƙwalwa. Mutum yana iya riƙe numfashi na minti guda, amma idan aka toshe waɗannan jijiyoyin, cikin kimanin daƙiƙa goma zai iya sumewa. Ku riƙe wannan lissafin, za mu dawo kansa.

To tunda haka ne, me ya kawo gauraye? Ai wanda aka hau bayansa ba gunki ba ne. Abu uku yake yi. Zai dunƙule haɓarsa ya manna ta da ƙirji, ƙofa ta rufe. Zai sa hannunsa biyu ya riƙe hannun da ke neman wuyansa. Sannan zai yi ta zamewa don kafaɗunsa su taɓa ƙasa, domin da zarar bayansa ya kwanta a tabarma babu sauran wurin da za a manne masa. Kun ga an yi kunnen doki: hannu biyu na mai hari, hannu biyu na mai kariya. A MMA ma abin ya fi wuya, safar hannu tana da kauri, ba ta zamewa ƙarƙashin haɓa da sauƙi, mai kariya kuma yana samun abin kamawa.

Masana wasan suka fito da amsa iri biyu. Ta farko ita ce a rage masa hannu. John Danaher, wanda ya tashi a New Zealand ya kuma daɗe yana koyarwa a makarantar Renzo Gracie a birnin New York, shi ya fi shahara da tsara wannan. Mai hari zai tura hannun mai kariya ɗaya ƙasa, ya ɗora ƙafarsa a kai ya danne. Yanzu hannu biyu ne a kan ɗaya. Ɗalibinsa Gordon Ryan ya ci manyan wasanni da wannan tsarin, kuma idan kuka lura da wasanninsa za ku ga ba ya gaggawar kai wa wuya hari, sai ya gama da hannuwa tukuna.

Amsa ta biyu ita ce a gajarta hanya. Maimakon a ce sai hannu ya zagaye wuya gaba ɗaya ya kama damtse, sai a haɗa tafin hannu da tafin hannu a gefen kafaɗa, gwiwar hannun da ke taimakawa ta koma bayan allon kafaɗar abokin karawa ta zama madogara. Wannan riƙon yana ƙulluwa da sauri, kuma hannun na biyu yana ɓoye a baya inda ba a iya kamo shi.

Shaƙar gaurayen da nake magana a kai tana fitowa ne idan aka yi wannan gajeren riƙon alhali haɓa tana dunƙule. Hannun bai shiga wuya sosai ba, ya kwanta ne a kan muƙamuƙi, wani sashe nasa a gefen wuya. Idan aka matsa, abubuwa biyu ko uku suna faruwa lokaci guda: muƙamuƙi yana dannuwa baya, kai yana karkacewa, jijiyar gefe ɗaya kuma tana iya matsuwa. Rabi shaƙa, rabi murɗa wuya. Mai kariya ya shiga tsaka mai wuya. Idan ya daure, haƙora da muƙamuƙi da ƙashin wuya ne za su biya. Idan ya ɗaga kai don ya samu sauƙi, ya buɗe ƙofar da yake tsarewa, hannu ya zurma ciki, ta koma cikakkiyar shaƙa.

Kusan kowa a nan ya taɓa ganinta ko da bai san sunanta ba. Ranar 6 ga Oktoban 2018 a Las Vegas, UFC 229, Khabib Nurmagomedov da Conor McGregor, zagaye na huɗu. Ku koma ku kalli ƙarshen a hankali. Hannun Khabib bai shiga ƙarƙashin haɓa ba, a kan muƙamuƙi yake, hannuwansa a haɗe, gwiwar ɗaya tana dogare da bayan McGregor. A lokacin an yi ta surutu a intanet cewa ai ba shaƙa ba ce, McGregor ragwanta ya yi. Ni dai ra'ayina, mai faɗin haka bai taɓa jin ƙashin hannun ƙato a kan haƙoransa ba. Shekara guda bayan nan, a Satumban 2019 a Abu Dhabi, Khabib ɗin ya gama da Dustin Poirier da cikakkiyar shaƙa ta baya a zagaye na uku. Ku jera bidiyon biyu za ku ga bambancin da idonku. Mu 'yan Najeriya ma abin ya taɓa mu: a Agustan 2024 a birnin Perth na Ostareliya, Dricus du Plessis na Afirka ta Kudu ya hau bayan Israel Adesanya a zagaye na huɗu, Adesanya ya sallama. Wannan ne karo na farko da aka ci shi ta hanyar sallamawa a MMA.

Su kansu 'yan wasan ba su haɗu a kan wannan shaƙar ba. Wasu malamai suna ganin ta a matsayin aikin wanda ya kasa buɗe haɓa da dabara sai ya koma ƙarfi, kuma ba sa son a yi wa abokin atisaye ita, don gobe ma kana buƙatarsa da lafiyayyen wuya. Wasu kuma suna cewa haɓa ba garkuwa ba ce, wanda ya dogara da ita shi ya jawo wa kansa. Dokoki ma sun bambanta. A gasannin IBJJF murɗa ƙashin baya ko na wuya ba tare da shaƙa ba laifi ne da ake korar ɗan wasa a kansa, a MMA kuwa an yarda. Ni ina ganin a gasa tsakanin ƙwararru babu laifi, amma a wurin koyo, sabon shiga ba shi da hurumin taɓa ta, domin cikakkiyar shaƙa tana ba ka gargaɗi ka sallama ka tashi lafiya, murɗa wuya kuwa wani lokaci kafin ka ji zafin ɓarnar ta riga ta auku.

Yauwa, yanzu ga inda nake son mu tsaya sosai. Duk wannan wasan a kan yarjejeniya ɗaya yake tsaye. Idan an kama ka, ka bubbuga jikin abokin karawarka ko tabarma da hannu, in hannu a danne yake ka buga da ƙafa ko ka yi magana, shi kuma ya sake ka nan take. Ga alƙali a tsaye yana kallon hannunka, in ya ga ya saki ya tsayar da wasa ko ba ka bubbuga ba. A manyan wasanni ga likita a gefe. Da wannan ne mutane suke shaƙe juna kullum a wurin atisaye su kuma koma gida su ci tuwo. Ka cire yarjejeniyar, ka cire alƙalin, abin da ya rage hanyar kashe mutum ce.

Ba ƙari nake yi ba. Ranar 1 ga Mayun 2023, a cikin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa a New York, wani tsohon sojan Amurka, Daniel Penny, ya shaƙe wani mara muhalli mai suna Jordan Neely daga baya, ya riƙe shi na kusan minti shida. Neely ya mutu, likitan binciken gawa ya ce matsar wuya ce sanadi. An gurfanar da Penny, kotu ta wanke shi a Disamban 2024, Amurkawa kuma har yau suna jayayya a kan hukuncin. Ban zo yanke shari'a ba. Lissafin nake so ku duba: daƙiƙa goma a gefe guda, minti shida a ɗaya gefen. Ƙwaƙwalwar da aka hana jini na 'yan mintuna tana fara lalacewa, kuma wanda ke baya ba ya ganin fuskar wanda ya riƙe. Jikin wanda ya suma yana iya karkarwa ko fizga, mai riƙon ya ɗauka gardama ake yi, ya ƙara matsawa.

Saboda haka ɗan uwa, in kana sha'awar wannan wasan, madalla, ka nemi inda ake koyar da judo ko jujitsu da malami da tabarma, ka fara daga koyon faɗuwa da koyon sallamawa. Sallamawa da wuri ba abin kunya ba ne, zakarun duniya sun yi ta sau dubbai kafin su zama zakaru. Kada ka gwada a kan ƙaninka, kada ka gwada a kan aboki don a ɗauki bidiyo, kada ka yarda a gwada a kanka don a ga jarumta. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko matsalar wuya, ya ga likita kafin ya shiga ko da a wurin koyo ne. 'Yan uwanmu masu aikin sa-kai na tsaron unguwa, ku ma da ku nake: in kun kama wanda ake zargi, ku bar wuyansa, ku miƙa shi ga hukuma da ransa.

In kuma ka tarar an shaƙe wani ya suma, abu na farko a sake shi nan take. A kwantar da shi, a duba yana numfashi. Wanda aka saki da wuri yakan farfaɗo cikin daƙiƙoƙi. In bai farfaɗo ba, ko numfashinsa ba daidai ba, a nemi asibiti da gaggawa, wanda ya iya danna ƙirji ya fara. Ko ya farfaɗo ma, in muryarsa ta dushe, ko haɗiya tana yi masa wuya, ko kansa na ciwo sosai, ko wani ɓangaren jikinsa ya yi sanyi, a kai shi asibiti a ranar, domin raunin jijiyar wuya yana iya bayyana bayan awanni.

Nan za mu dakata a yau. Wanda yake atisayen judo ko jujitsu a cikinku, ya faɗa mana a ƙasa garin da yake yi da yadda malaminsa yake ɗaukar wannan shaƙar ta kan muƙamuƙi, don masu neman wurin koyo su amfana. Ku tura wa abokin nan naku mai son maƙale wuyan mutane. Sai mun haɗu a shiri na gaba.