Bishiyar gidanku da iskar farkon damina

Yau ba siyasa, maganar bishiya za mu yi, wadda ke tsakar gidanku ko jikin katanga.

Kun san yadda damina ke shigowa a Arewa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, kafin ruwa ya sauka sai an yi iskar nan mai ƙura da ke yaye kwano. Bishiyar da gara ta cinye cikinta a irin wannan daren take faɗuwa, wataƙila daidai inda yara suka shimfiɗa tabarma saboda zafi.

Don haka ku je ku zagaya taku. Ku ƙwanƙwasa jikinta da taɓarya, in ta yi amo kamar ganga to akwai kogo. Ku duba gindin, ko ƙasa ta tsage, ko ta ɗaga ta gefe guda, ko laimar kwaɗi na fitowa. In da a miƙe take yanzu ta soma karkata, magana ta ƙare.

To wa zai sare? Nan fa nake so mu tsaya.

Abin da muka saba, a kira mai faskare a ce sare ka kwashe itacen, shi ne ladanka. A ganinmu mun ci ɓagas. Amma wanda itace ne ladansa, so yake ya kayar da wuri ya loda a kura ya wuce, katangar maƙwabcinku ba ta cikin lissafinsa. Wadda ta fi wannan muni ita ce a ce wa saurayin gida ya ɗauki gatari ya hau. Don Allah 'yan uwana, ko Baba ne ya ce, ku ba shi haƙuri.

Wanda ya iya aikin, daga sama yake farawa. Ya ɗaure kansa, ya ɗaure reshe da igiya, ya yanka, na ƙasa su sauke shi a hankali, gunduwa-gunduwa har a iso gindi. Kayar da ita gaba ɗaya sai inda akwai fili, domin ƙa'ida ita ce kowa ya matsa nisan tsawonta sau biyu. Gidan wa ke da wannan filin a cikin gari? Shi kansa injin yankan, in ƙarshen bakinsa ya ci karo da wani abu, tsalle yake ya dawo wa mai riƙe da shi. Saboda haka ku tambayi mutum inda ya taɓa yin irin aikin, ku ga igiyoyinsa da hular kwanonsa kafin a yi ciniki.

In rassa sun shiga wayar NEPA kuwa, kada kowa ya taɓa. Ɗanyen itace na jan wuta, kuma manyan wayoyin nan na sama suna ɗauke da ƙarfin bolt 11,000 ko 33,000. A je ofishin kamfanin wuta, misali KEDCO ga mutanen Kano, Katsina da Jigawa, su kashe layin. Kada wani ya ce ai an ɗauke. Wa ya gaya maka yaushe za a kawo?

Ku yi yarjejeniya gaban shaidu, da mai unguwa in da hali: in an fasa katanga wa zai biya, kututturen wa zai tone, itacen na waye. In a bakin titi take, ba taku ba ce, a fara tuntuɓar ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukuma.

Ni dai kun san ba na son ganin an sare bishiya a ƙasar da hamada ke matsowa. Darbejiya mai lafiya sau da yawa rage mata rassa ya isa. Amma kada a yi mata aski ƙwal, don tohon da ke biyo baya ba ya kama jiki sosai, shi iska ke fara karyawa.

Ku turo mana hoton bishiyar da kuke shakka a kanta. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.