Baƙin Littafin Gidajen Imel: Wa Ake Hukuntawa?



Abin da ya tara mu yau shi ne wata irin shari'a wadda ake yanke wa mutum hukunci a cikinta ba tare da an kira shi ba, balle a ji ta bakinsa. Muna nufin baƙin littafin nan da gidajen imel ke dubawa kafin su karɓi wasiƙa.

Ga yadda al'amarin yake. Kowace na'ura mai aika wasiƙu tana da lambarta a intanet, wadda ake kira IP. Idan wasiƙa ta iso, na'urar da ke karɓa takan tambayi masu littafin ko wannan lamba tana cikin jerinsu. In suka ce tana ciki, sai a mayar da wasiƙar ko a jefa ta kwandon shara, duk cikin ƙiftawar ido. Paul Vixie da Dave Rand ne suka soma wannan a Amurka cikin 1997, da jerin da suka kira RBL, sa'an nan a 1998 Steve Linford ya kafa Spamhaus a Ingila. Haƙiƙa ba don irinsu ba, da tallace-tallacen ƙarya da wasiƙun 'yan damfara sun binne akwatunanmu. Wannan ba mu musunta ba.

To, amma littafin ba sunan mai laifi yake rubutawa ba, lambar na'ura yake rubutawa, ita kuwa lamba ɗaya mutane ɗari suna iya tarayya a kanta. Wake ɗaya sai ya ɓata gari. Wani ma bai aika kome ba, ɓarayi ne suka shiga kwamfutarsa suna aiki da ita. Wani kuwa gadon lambar ya yi daga hannun mazambacin da ya riga ya tashi.

Wannan dai kuskure ne, ana iya gyara shi. Abin da ya fi damunmu shi ne inda aka mai da hukuncin kan mai uwa da wabi ya zama manufa. A da, wani jeri mai suna SPEWS, wanda masu shi ba su taɓa bayyana kansu ba, in kamfanin intanet ya ƙi korar mai laifi, sai ya faɗaɗa jerin ya haɗa da maƙwabtansa, wai don su fusata su matsa wa kamfanin. UCEPROTECT ta Jamus ma ta tsara matakai 3, na ukun yana haɗiye lambobin kamfani ɗungurungum, kuma ta sa kuɗi ga mai son a cire shi da gaggawa. Jama'a, alƙalin da ke samun riba daga yawan waɗanda ya tsare, yaya za a yi ya ƙi tsare mutane? Shi ya sa takardar jagora mai lamba RFC 6471, ta 2012, ta hana karɓar kuɗi don cire suna. Sai dai jagora ce kawai, ba ta da ɗan sanda.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Wasiƙun 419 sun ɓata sunan Nijeriya, har wasu masu kula da na'urori a ƙetare suka riƙa toshe lambobin ƙasar baki ɗaya. Ɗalibin da ya aika takardar neman gurbin karatu, shi ne zai zauna yana jiran amsar wasiƙar da ba wanda ya gani.

Kotu fa? A 2006 wani kamfanin talla mai suna e360 ya kai Spamhaus ƙara a jihar Ilinoi. Spamhaus ta janye, ta ce kotun Amurka ba ta da hurumi a kanta, aka ci ta dala miliyan 11 da dubu 700. Da aka yi ta ɗaukaka ƙara, a 2011 kuɗin ya koma dala 3. Shekara biyar ke nan. Wane ƙaramin ɗan kasuwa ne zai iya wannan jira?

Masu littafin sukan ce su ra'ayi kawai suka bayar, mai toshe ƙofa shi ne wanda ya yi aiki da ra'ayin. Da gaskiyarsu a nan, kuma nan ne nauyin ya dawo kanmu, mu da gobe za mu riƙe ofisoshi. Jerin ORDB ya rufe a ƙarshen 2006, amma ofisoshi da yawa suka ci gaba da tambayarsa, har a 2008 masu shi suka sa ya riƙa amsa cewa kowa mai laifi ne, don a farga. Sai da wasiƙu suka tsaya cik aka gane shekara guda da watanni ana dogara da mataccen littafi.

Saboda haka idan aka danƙa mana ofis, mu tambayi mai kula da na'ura da wane jeri yake aiki, ko masu shi sanannu ne, ko suna da ƙofar koke ta kyauta. Mu kuma nemi kada a haɗiye wasiƙa shiru, a mayar wa mai ita da dalili da sunan jerin da ya kama shi, ya san inda zai kai kukansa.